Ƙafar da Na Saki a Bayan Tanki

Zuwa ga Ummi, uwata kuma 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki irin gaisuwar da uba yake yi wa 'yar da ta ci sunan mahaifiyarsa, wato da ɗan rusunawa da ɗan tsoro. Allah Ya kai ki Abakaliki lafiya, Ya tsare motar da direbanta, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa ki gama bautar ƙasarki ki dawo mana da ƙafafunki.

Za ki yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taki. Dalili shi ne idan na fara magana da baki, mamanki takan ƙarasa mini, kuma ba kullum take sauke ni inda na nufa ba. Ta riga ta yi miki nata wa'azin: salla a kan lokaci, gidan sauro, kada ki ci abin da ba ki san sunansa ba. Duk na sa hannu. Abin da ya rage mini shi ne maganar wasa, don a filin wasa na tafka manyan kurakuraina.

Bari in faɗi abin da ke raina tun yanzu, kada ki yi ta lalube a ƙarƙashin labari. Wata biyar ke nan ba ki yi wa Ene magana ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu a nan unguwar Nasarawa ta Kaduna, tun kuna rarrafe kuke tare, amma yanzu da kin ji motsin ƙofarsu sai ki tuna kin manta wani abu a ɗaki. Yau Alhamis, motarki Asabar da safe. Ba na so ki hau ta a haka. Sauran abin da zan rubuta duk hanya ce ta zuwa nan. Kin san malamin makaranta, ko kasuwa aka aike shi sai ya bi ta tarihi.

Na tashi a Kakuri lokacin da masaƙu ke aiki ba dare ba rana. Kakanki yana sashen rini, kullum yakan dawo da hannu shuɗi har gwiwa. Gidan haya muke, ɗaki goma sha biyu suna kallon juna, kowace ƙofa da yarenta da ƙamshin miyarta. Iyayenmu kowa da inda ya fito, wannan Binuwai, wancan Filato, wancan ƙetaren Kwara, amma mu yara ƙasarmu ɗaya ce, wani fili mai jar ƙasa tsakanin layinmu da katangar masaƙa. A gefensa akwai tsohon tankin ruwa da aka yar, ya yi tsatsa, ciyawa ta kewaye shi. Da jiniyar yamma ta busa, ma'aikata na fitowa, mu kuma muna shiga namu aikin. Masu gare suna kora tayar keke da sanda. Masu ƙwallon marfin kwalba sun durƙusa suna zana fili da tsinke, kowane marfi da sunan ɗan wasansa. 'Yan mata sun zana gidajen gala-gala, wanda rabinsu ke kira suwe, suna musu a kan wa ta taka layi. Na karanta littattafai da yawa a kan yadda ake tafiyar da al'umma, Ummi, kuma har yau ban ga tsarin mulkin da ake bi sau da ƙafa kamar dokokin filin nan ba, alhali ba wanda ya taɓa rubuta su.

Kuskurena na farko ƙarami ne. Wani kawuna ya kawo mini ƙwallon roba, ja, mai sheƙi. Kafin nan da ƙullin tsumma muke bugawa. Cikin kwana ɗaya na zama kyaftin, na zama alƙalin wasa, na zama mai zaɓen wanda zai buga. Idan aka ci mu sai in ce ƙwallo ta wuce ta saman dutsen da muke ajiyewa a matsayin raga, idan aka yi gardama sai in rungume abata in tafi gida. Sun jure mini kusan mako biyu. Rannan na fito da ita a hammata, sai na tarar sun koma wa tsummansu, ana ta ihu, ba wanda ya ko waiwayo. Na zauna a dakalin ƙofar gida ni da ƙwallona muna kallon juna. Kakarki, mai sunanki, ta fito zubar da ruwan wanke-wanke, ta dube ni ta ce, "Sani, ka cinye su duka ke nan? To je ka buga da bango, shi ba ya gardama."

Inda za ki je za ki riƙe abubuwan da wasu ba su da su, takardar jami'a, Turanci mai santsi, kayan gwamnati a jiki. Kada ki mayar da ko ɗaya usur. Mutane suna iya komawa tsummansu, kuma za su ji daɗinsa fiye da yadda kike zato.

Kuskure na biyu shi ne babba, kuma sai na yi miki bayanin langa, tunda ku 'yan mata kallon haukan maza kuke yi masa. Kowa zai kama ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, ya yi ta tsalle a kan ɗayar. Ƙungiya biyu ce. Kowace tana da mutum ɗaya da ake kira ruwa, shi ake so ya ratsa abokan gaba ya kai wurin da aka shata, wato masha. Sauran su ne dawakinsa, suna bangaje masu son kayar da shi. Wanda ya faɗi ya mutu. Wanda ya saki ƙafarsa ta taɓa ƙasa, shi ma ya mutu, ko da ba wanda ya taɓa shi. Wasan duka a kan wannan ya tsaya. Ba alƙali, ba mai kallon kowa ta baya, kai ne shaidar ƙafarka.

Ni ne ruwan layinmu, don ba ni da nauyi kuma ina da tsalle kamar fara. Babban dokina Uche ne, ɗan bakaniken da ke ɗaki na uku. Eh, Baba Uche ɗin da kika sani, mai kawo mana buhun shinkafa da salla yana cewa matarsa ce ta matsa masa. A lokacin gajere ne, mai faɗin kafaɗa, Hausarsa ta fi tawa ashar. Tare muke cin tuwo a ɗakinmu, mu zarce ɗakinsu mu ci garin rogo da miyar agushi, kowace uwa tana zaton ita kaɗai ke ciyar da mu. Babansa ne ya lanƙwasa mini ƙarfen garena. Idan Uche yana gabana a langa, ko ido zan iya rufewa.

Sai aka shirya karo tsakaninmu da yaran bayan layin dogo, waɗanda suka daɗe suna shan mu. Shugabansu wani ne da ake kira Bala Ƙato, wanda muke zargin yana aske gemu a ɓoye. Ranar fili ya cika, har 'yan gala-gala suka bar gidajensu suka zo kallo. Aka fara. Dawakinmu suka yi ta zubewa, ya rage ni da Uche. Na ga Bala ya nufo ni yana huci, sai na zagaya ta bayan tankin nan. A can ƙafata ta gaji, cinyata na rawa. Na duba, ba kowa. Na saki ƙafar, na ruga da ƙafa biyu kamar kowane ɗan Adam, na sake kama ta, na ɓullo ta ɗaya gefen ina tsalle, na faɗa masha.

Fili ya kaure. Aka ɗaga ni sama. Wata yarinya da nake so a ɓoye har ta yi guɗa. Bala Ƙato ya matso yana haki ya ce, "Kai, yaya aka yi ka fito da wuri haka? Me ya faru a bayan tankin?"

Na ce, "Tsalle ya faru."

"Ba ka saki ba?"

"Wallahi ban saki ba."

Sai na ji murya a bayana, muryar da na sani fiye da tawa. "Ka saki mana."

Na juya. Uche ne, har lokacin yana riƙe da ƙafarsa, don shi bai yarda an gama ba. Ashe yana biye da ni yana tsare mini baya, kamar yadda doki nagari yake yi.

Na ce, "Uche, ɓangarenmu ɗaya fa."

Ya ce, "Na sani. Taku uku ka yi. Na ƙirga."

Aka sauke ni ƙasa, ba a hankali ba. Nasara ta koma bayan layin dogo, yarinyar nan ta koma gala-galarta.

A filinmu akwai ƙa'idar ɓatawa. Idan ka yi fushi da abokinka, sai ka miƙa masa ɗan ƙaramin yatsa, ya saƙala nasa, ku fincike, shi ke nan kun ɓata, ba magana. Amma ɓatawa tana da wa'adi, kwana uku. A rana ta uku wani babba a cikin yara zai kamo hannayenku biyu ya haɗa yatsunku na nuni, a ce kun shirya, kuma an hana kowa yi wa wanda ya fara miƙa hannu dariya. Ki duba hikimar. Yaran da ba su iya ɗaure tazugen wandonsu ba sun san fushi yana bukatar ƙofar shiga, kuma yana bukatar ƙofar fita da ba ta zubar da mutuncin kowa.

Ni na miƙa wa Uche ƙaramin yatsa a gaban kowa. Ya dube shi, ya dube ni, ya saƙala. A rana ta uku Terna ya zo, wani yaron Tibi da ya girme mu, wanda shi ke haɗa yatsu a layinmu. Ya riga ya kamo Uche, yana jan sa kamar akuya. Ya ce, "Sani, kawo hannu." Na cusa hannayena biyu a aljihu na ce sai Uche ya faɗa a gaban kowa cewa ƙarya ya yi mini. Uche ya ce, "To ai ba ƙarya ba ce." Terna ya ce, "Ku biyun nan kanku kamar kwakwa," ya tafi abinsa.

Kwana uku suka zama wata uku. Abin ya koma abin dariya ga kowa ban da mu. Muna zaune a benci ɗaya a makaranta, sai in ce, "Terna, gaya wa wannan ya matsa." Uche ya ce, "Terna, gaya masa bencin ba na ubansa ba ne." Har Terna ya gaji ya ce shi ba gidan waya ba ne. Kullum ina cewa gobe zan yi masa magana, kullum goben tana ƙara nauyi, don yanzu ba taku ukun kaɗai zan amsa ba, har da rantsuwar da watannin. Daga nan na ci jarrabawa aka kai ni makarantar kwana. Da na dawo hutu na tarar da sabon labule a ɗaki na uku. Baban Uche ya samu wurin gareji a wani gari, sun kwashe. Ban yi masa sallama ba, tunda ba ma magana.

Shekara talatin da wani abu, Ummi. Ke kin ɗauka nisa ne kawai ya raba ni da Baba Uche a da, don ban taɓa gaya miki ba. Shekara huɗu da suka wuce famfon man tsohuwar motata ya mutu, aka kwatanta mini wani shagon kayan gyara a Sabon Tasha. Na shiga na tarar da wani mai sanƙo da tumbi yana cin gyaɗa. Na yi sallama na fara bayanin famfo. Shi kuwa yana ta kallona. Can ya ajiye gyaɗar ya ce, "Taku uku."

Na tsaya da famfo a hannu. Duk jawabin da na shirya tun ina ɗan shekara goma sha biyu, mai gabatarwa da hujjoji da kammalawa, ya gudu ya bar ni. Na ce, "Uche, na saki."

Ya ce, "Na sani mana, ai ina wurin."

Ya yi dariya har sai da ya riƙe kanta. Ya ƙwala wa matarsa kira daga cikin shago, "Nkechi, zo ki ga ɓarawon langan da nake ba ki labari. Kin ga yanzu har da tabarau, wai shi malam." Baiwar Allah ta fito tana goge hannu. Uche ya ce ba a shirya haka kawai, sai da mai haɗawa, doka ce. Ya koya mata yadda ake yi. Ta kama hannayen tsofaffi biyu ta haɗa yatsunmu tana girgiza kai, tana cewa ita dai ta ga ta kanta da mazan Kaduna.

Sannan ya ce akwai sauran magana, wasan can ba a ƙarasa shi ba. Muka zagaya bayan shago tsakanin tsofaffin tayoyi, na tuɓe hula da takalmi, kowa ya kama ƙafarsa. Kama ƙafar kaɗai sai da ta ɗauke ni wani lokaci, don ta yi nisa da inda na bar ta. Na yi tsalle huɗu. A na biyar wani abu ya ce ƙas a bayana. Kin tuna makon da na kwanta kuna shafa mini man zafi, na ce muku santsi ne ya kwashe ni a makaranta? To ba santsi ba ne. Ki riƙe wannan, mamanki ba ta sani ba.

Mun yi dariya ranar, amma a hanyar dawowa na yi lissafin abin da hannu a aljihu ya ci mini. Ban je aurensa ba, bai zo nawa ba. Babansa da ya lanƙwasa mini gare ya mutu ban ji ba. Na tambaye shi Terna, ya ce ai Terna ya daɗe da rasuwa. Mutumin da ya ja shi kamar akuya don ya shirya mu bai ga shirin ba. Kuma abin da na ji tsoron faɗa duk tsawon shekarun nan kalma biyu ce, wadda shi Uche ya riga ya sani.

Kuskure na uku a kanki na yi shi. Kina aji huɗu, ke da Ene kuna zaune a ƙofar gida kuna carafke, a jefa dutse ɗaya sama, a kwashi na ƙasa, a cafke shi kafin ya faɗo. Duwatsun nan kun daɗe kuna tara su, sun yi sumul saboda hannu. Na dawo daga aiki a gajiye, ga jarrabawa na matsowa, na kwashe su na watsa a kwata, na yi muku lacca a kan muhimmancin lissafi. Kuna ƙirga bibbiyu da uku-uku da idonku a sama, ni kuma ina koya muku lissafi. Kika shiga ɗaki kina kuka. Washegari da sassafe na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ene ce, da kayan makaranta, da wasu duwatsu a gwangwanin madara, ta tsinto su a tarin tsakuwar masu gini. Ta gaishe ni da ladabi ta ce, "Baba, waɗannan nawa ne, ba na Ummi ba. Aro zan ba ta." Wato ba ni da ikon zubar da su. Yarinya 'yar shekara tara ta kayar da ni a shari'a kafin in sha koko.

Tunda aji za a ba ki a can, ga abin da na koya. Idan an fita tara, kada ki zauna a ofis kina danna waya. Fita ki tsaya a gefen fili. Ki tambayi yaran sunan wasanninsu da dokokinsu, ki bari su yi miki dariya idan kin kasa. A nan za ki san wane ne mai ƙwallo, wane ne ake bari a ƙarshe idan ana zaɓe, wace ce ke haɗa yatsu. Rajista ba za ta gaya miki wannan ba. Kuma duk abin da kika ga yaro ya tara a aljihu, marfin kwalba ne ko dutse, kada ki zubar.

Yanzu mun iso. Na san abin da ya haɗa ku. Ene ta gama makarantar koyon aikin jinya, aka yi bikin yaye su, ba ki je ba. Da ta yi miki ƙorafi kika ce ba ta gayyace ki ba, ta ce ta ba ki kati hannu da hannu, kika rantse ba ta ba ki ba. Makon jiya na ɗauko littafin nan nawa mai koren bango da kika ara, sai kati ya faɗo daga tsakiyarsa, da sunanki da rubutun Ene. Kin sa shi alamar shafi kin manta. Ga shi nan na haɗa miki cikin ambulan ɗin nan. Ina zaton ke ma kin tuna tun tuni, shi ya sa ƙofarsu take ba ki tsoro. Ba na zargin ki. Gado ne, kuma kin ga daga wajen wa.

Na yi wani karambani kuma. Shekaranjiya na tare ta a bakin famfo na ce, "Ene, ƙawarki za ta tafi Asabar." Ta ce, "Na ji, Baba." Na ce, "Shi ke nan?" Ta tsaya kallon bokiti har ya cika ya fara zuba. Sannan ta ce, "Na saya mata takalmin ruwa tun wancan watan, an ce can akwai taɓo. Yana ƙarƙashin gadona. Amma ba zan aiko da shi ba, ta zo da kanta."

Ga shawarata, ta wanda ya gwada ɗaya hanyar har ƙarshenta. Kada ki tura saƙon waya. Kada ki shirya jawabi, zai gudu. Kada ki sa kalmar "amma" a ciki, ko sau ɗaya. Ki riƙe katin a hannu ki ce kin gan shi, kin yi kuskure. Wataƙila ta yi miki tsiya, ta cancanta, ki tsaya ki sha. Gobe Juma'a aikin safe take yi, tana dawowa gida da la'asar. Ni zan kasance a dakali da jarida, ba zan ɗago kai ba, ba zan kuma tambaye ki komai ba. Idan na ga kin shigo da takalmin ruwa a hannu, zan juya shafi kawai.

Allah Ya yi miki albarka, uwata. Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya kare ki daga sharrin mutum da na sauro, Ya sa yaran da za ki koyar su so ki. Ya ba ki abokai masu gaya miki gaskiya ko da kuna ɓangare ɗaya, Ya ba ki zuciyar da za ta iya zama da su. Ya sauƙaƙa miki tafiyar Asabar, Ya kuma sauƙaƙa miki ta gobe, wadda ta fi ta gajarta kuma ta fi ta wuya.

Wassalam.

Naki,
Babanki Sani